Yadda Ake Ziyartar Magangarun Ruwa a Hanyar Akwanga Zuwa Jos

Hanyar da ta tashi daga Abuja ta bi ta Keffi da Akwanga, ta ratsa kudancin jihar Kaduna, sannan ta hau tsaunin Filato ta Hawan Kibo har zuwa Jos, tana cikin hanyoyin da suka fi kyan gani a tsakiyar Najeriya, amma yawancin masu bin ta sukan wuce manyan magangarun ruwa ba tare da sun taɓa ratsewa sun gani ba. Yanayin ƙasar ne ya haifar da waɗannan wurare. Birnin Jos yana kan tudun da ya kai kimanin mita 1,200 sama da gaɓar teku, kuma ruwan saman da yake sauka a can dole ne ya nemi hanyar gangarowa, saboda haka ƙoramu da yawa suke faɗowa daga bakin tsaunin ta kudu da ta yamma. Uku daga cikinsu ne za a iya haɗawa a tafiya guda: Farin Ruwa a ƙaramar hukumar Wamba ta jihar Nasarawa, da Assop a gindin Hawan Kibo cikin jihar Filato, da kuma Matsirga da ke kusa da Kafanchan a jihar Kaduna.

Abin da ya kamata ku riƙe tun kafin ku fara shiri shi ne, lokacin da magangarar ruwa ta fi kyan kallo ba shi ne lokacin da ake shiga cikinta ba. Duk sauran shirin tafiyar, daga zaɓen wata har zuwa irin takalmin da za ku saka, a kan wannan yake rataye.

Mataki na farko: zaɓen lokaci

Damina a Filato tana farawa ne a wajen watan Afrilu, ta yi ƙarfi a Yuli da Agusta, ta ɗauke a cikin Oktoba. A tsakiyar damina ruwan Farin Ruwa yana cika makil, ana jin rurinsa tun daga nesa, feshinsa yana jiƙa mutum tun bai matso kusa ba, sai dai a wannan lokacin hanyar ƙasa da ke kaiwa wurin takan lalace, ƙananan rafuka su kawo, duwatsu su yi santsi, kuma babu mai hankalin da zai sa ƙafarsa cikin gurbin ruwan. Wanda ya je a Agusta ya je kallo ne kawai daga nesa, idan ma motarsa ta kai shi.

A ganina, mafi dacewar lokaci shi ne daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu. A wannan tsakanin damina ta wuce amma ƙoramu ba su ƙafe ba, ruwan ya yi garau ana hango ƙasansa, hanyoyin ƙauye sun bushe, kuma haɗarin ambaliyar bazata ya ragu ƙwarai. Hunturu yana da nasa matsalolin guda biyu da ya kamata ku sani. Hazo yana rage nisan gani a kan hanya da sassafe, kuma ruwan da ya gangaro daga Filato yana da sanyi sosai, har ya kan ɗauke wa mutum numfashi idan ya afka masa gaba ɗaya. Daga Fabrairu zuwa Maris ruwan yana raguwa, iyo yana yin sauƙi, amma kyan wurin yana raguwa tare da shi, zafin tafiyar ƙafa kuma yana ƙaruwa.

Ku ba tafiyar kwana biyu cikakku, ko uku idan za ku haɗa da Matsirga. Masu cewa za su tashi daga Abuja su ga Farin Ruwa da Assop su kwana Jos a rana guda, dare ne zai riske su a kan hanyar da bai kamata a bi ta da dare ba. Wanda yake Abuja kuma yini ɗaya kawai gare shi, ya fi masa sauƙi ya nufi magangarar Gurara, wadda tsayinta ya kai kimanin mita 30, da ke jihar Neja a kan hanyar Suleja zuwa Minna, ya bar wannan hanyar sai ya samu lokaci.

Mataki na biyu: tambayar halin da hanya take ciki

Wannan yanki ya sha fama da rikice-rikice da garkuwa da mutane, musamman wasu sassan kudancin Kaduna da ƙananan hukumomin Riyom da Bokkos a Filato, kuma al'amarin yana sauyawa daga wata zuwa wata. Labarin da kuka ji bara ba zai yi muku amfani bana ba. Kwana biyu ko uku kafin tafiya, ku nemi wanda yake zaune a Akwanga ko Wamba ko Kafanchan ku tambaye shi, ku kuma tambayi direbobin haya da ke bin hanyar kullum, domin su ne suka fi kowa sanin inda ake tsayawa da inda ba a tsayawa. Idan aka ce muku an yi tashin hankali a wani ƙauye cikin makon, ku ɗage tafiyar ba tare da gardama ba.

Ku tafi a ƙungiya ta mutum huɗu zuwa takwas, kuma a cikinku a samu aƙalla mutum ɗaya da ya iya ruwa da gaske, ba wanda ya taɓa wasa a kududdufi yana yaro ba. Ku bar wa wani a gida cikakken bayanin tafiyar, da lambar mota, da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku, saboda sabis ɗin waya yakan ɗauke idan aka shiga ƙauyukan bayan Wamba. Ku ajiye lambar kiran gaggawa ta ƙasa, wato 112, da ta hukumar kiyaye haɗurra, wato 122. Kada ku sanar a Facebook ko WhatsApp inda za ku da ranar da za ku je. Hotunan za su iya jira har ku dawo.

Mataki na uku: mota da kaya

Ku kai mota wurin bakanike mako guda kafin tafiya, ba ana gobe ba, ya duba birki da kuloci da lagireto da baƙin mai, ku tabbatar tayoyi suna da zane, safaya tana da iska, jak yana aiki. Birki ne ya fi komai muhimmanci saboda Hawan Kibo. Don hanyar Farin Ruwa mota mai tudu ta fi dacewa, domin ƙaramar mota mai zama ƙasa cikinta zai riƙa bugun duwatsu. Takardun mota da lasin direba su kasance cikakku, saboda akwai shingayen bincike da yawa a hanya. Wanda ba shi da mota zai iya hawa ta haya zuwa Akwanga, daga nan ya ɗauki shatar wata zuwa Wamba, amma a yi ciniki na zuwa da jira da dawowa tun a tasha, kuma kada a biya kuɗin duka sai an dawo.

Game da sutura, takalmi shi ne kan gaba. Silifas da takalmin fata mai sulɓin ƙasa su ne suke kayar da mutane a kan dutse, don haka kowa ya samu kambas mai ƙasan roba wanda ba zai ji takaicin jiƙewarsa ba, ya kuma riƙe wani busasshe a mota. Maza su ajiye jallabiya da doguwar riga, su sa wando da riga marasa nauyi. Mata za su iya rufe jikinsu yadda suke so da dogon wando da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi mai tsayawa a kafaɗa, amma zane da dogon hijabi haɗari ne a cikin ruwa, saboda suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafafu, su kuma maƙale a tsakanin duwatsu. Ku ɗauki rigar sanyi, domin daren Jos a watan Disamba ba wasa ba ne.

Kowane mutum ya goya jakar baya don hannayensa biyu su zama a sake, a ciki da ruwan sha kamar lita biyu, da guzuri mara saurin lalacewa irin su dabino da gyaɗa da kilishi da burodi, da tocila, da leda mai kauri ta naɗe waya da mabuɗin mota. A matsayin ƙungiya kuma ku haɗa ɗan akwatin magani mai bandeji da filasta da aidin da farasitamol da ƙunshin gishiri da sukari na maganin bushewar jiki. Sai abubuwa biyu da ba kasafai ake tunawa da su ba, alhali su ne za su ceci rai: igiya mai ƙarfi ta kimanin mita 15 zuwa 20, da jarka marar komai mai murfi da ke rufuwa gam. Idan kuna da halin sayen rigar hana nutsewa ga yara da waɗanda ba su iya iyo ba, ku saya. Ku riƙe tsabar kuɗi ƙanana, saboda a ƙauye ba lallai ne tura kuɗi ta waya ya yiwu ba.

Mataki na huɗu: ranar Farin Ruwa

Ku bar Abuja da an idar da sallar Asuba, ku wuce Nyanya da Mararaba da Masaka kafin cunkoso ya kankama. Bayan Keffi sai Akwanga, inda ya kamata ku cika tanki, ku karya kumallo, ku kuma kama masaukin da za ku kwana idan kun dawo. Daga Akwanga za ku ratse zuwa Wamba, daga Wamba kuma akwai kimanin kilomita 30 zuwa magangarar, kuma wannan yanki na ƙarshe ne yake cin lokaci fiye da yadda nisansa ya nuna.

Idan kun isa ƙauyen ƙarshe, kada ku zarce kai tsaye zuwa ruwa. Ku tsaya ku gaisa, ku nemi mai unguwa ko wakilinsa, ku faɗi abin da ya kawo ku, ku roƙi a haɗa ku da ɗan jagora. Hausa ce harshen kasuwa da hulɗa a duk yankin, saboda haka ba za ku sha wahalar fahimtar juna ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, kuma a bakin ruwa maganar tana da nauyi na musamman, domin ɗan gari ne ya san gurbin da ke da rami a ƙasa, da dutsen da ƙudan zuma suka yi gida a cikinsa, da wurin da mutanen garin suke girmamawa ba sa so a taka. Ku daidaita ladan ɗan jagora tun kafin a tashi, ku biya shi da kyau, kuma idan ya ce kada a wuce nan, kada wani ya ce shi ya fi shi sani.

Daga inda mota ta tsaya za ku taka da ƙafa ta cikin kurmi da duwatsu. Ku jera a layi guda, ɗan jagora a gaba, mai ƙarfi a baya, yara da masu rauni a tsakiya, kuma tafiyar ta kasance daidai da saurin wanda ya fi kowa jinkiri. Kowa ya yanki sanda mai kai masa kafaɗa. Ku duba inda za ku taka da inda za ku dafa, kada a cusa hannu cikin kogon dutse ko ƙarƙashin gungume, saboda yankin yana da macizai, ciki har da kububuwa da kasa. Idan tsautsayi ya sa maciji ya sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure da igiya tamau. A cire masa zobe ko agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi zuwa asibitin da ke da allurar dafin maciji ba tare da ɓata lokaci wurin mai magani ba.

Inda hanya ta ratsa rafi, ku nemi wuri mai faɗi da rashin zurfi, ba wuri matsattse ba, domin a matsattsen wuri ne ruwa yake da ƙarfi. Ku fuskanci inda ruwan yake fitowa, ku kafa sanda a gabanku, ku riƙa matsawa gefe da ƙafa ɗaya bayan ɗaya, kuma ku kwance maɗaurin jaka na ƙugu don ku iya yar da ita idan kun faɗi. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum, don haka idan ya kai gwiwa kuma yana da ƙarfi, ku juya. Dutsen da ya yi baƙi ko kore, gansakuka ce a kansa. Mai son yin alwala ya ɗebo ruwa a buta ya koma busasshen wuri, kada ya tsuguna a bakin dutse mai santsi.

Farin Ruwa yana faɗowa ne daga tsayin kimanin mita 150, a kan iyakar Nasarawa da Filato, wato ya fi magangarar Victoria da ke tsakanin Zambiya da Zimbabuwe tsayi, wadda take da mita 108, ko da yake waccan ta fi shi faɗi da yawan ruwa nesa ba kusa ba. Wanda ya tsaya a gindinsa ya ɗaga kai zai gane cewa wahalar hanyar ba ta tafi a banza ba. Ku bar wurin kafin ƙarfe uku na rana komai daɗinsa, don ku isa Akwanga da sauran haske.

Mataki na biyar: kafin kowa ya sa ƙafa a ruwa

A nan ne ya kamata a fi natsuwa, domin asarar rayuka a irin waɗannan wurare tana iya faruwa tun a cikin mintunan farko, lokacin da matasa suka iso da zafin tafiya suka tuɓe suka afka ba tare da sun duba ba. Ku zauna tukuna, ku huta, ku sha ruwa, ku ɗauki kamar minti goma kuna kallon gurbin. Ku jefa busasshen kara a wurare dabam-dabam ku ga inda ruwa yake kai shi. Idan karan ya tafi a hankali zuwa gefe, wurin yana da sauƙi. Idan ya riƙa kewayawa wuri guda, ko ya koma baya zuwa inda ruwa ke faɗowa, to akwai igiyar ruwa mai ja a ƙasa. Ku kuma duba mafitar gurbin, ku tambayi kanku inda mutum zai faɗa idan ruwa ya tafi da shi: idan wata magangarar ce ko matsi tsakanin duwatsu, wannan gurbin ba na wanka ba ne.

Gindin magangarar kansa, inda ruwa yake fari fat yana kumfa, ba wurin iyo ba ne ko ga gwani. Farin nan iska ce ta cakuɗu da ruwa, kuma ruwan da ya cika da iska ba ya ɗaukar nauyin jiki kamar ruwan da yake kwance, saboda haka mutum yana nitsewa a cikinsa duk ƙoƙarinsa. Bayan haka, ruwan da ya faɗo yana nutsawa ƙasa ya taso a gaba, sannan na saman ya komo baya, sai ya riƙa juya mutum yana mayar da shi ƙarƙashin zubowar. Wuraren wanka su ne gurabun da ke can ƙasa, inda ruwa ya lafa, kuma ɗan jagora ya tabbatar mutanen gari suna shiga.

Wanda ya fi iya ruwa shi zai fara shiga, a hankali, da ƙafa, yana auna zurfi da sanda, ya gano inda ƙasa ta yanke ya nuna wa kowa iyaka. Wanda bai iya iyo ba kada ya wuce ƙugu. Kada kowa ya yi tsalle ko alkafura daga kan dutse, ko da ya ga yaran gari suna yi, domin kowace damina tana kawo sababbin duwatsu da gungume ta ajiye a inda babu su bara, kuma buguwar kai ko wuya a ƙasan ruwa tana iya shanye mutum har abada. Saboda sanyin ruwan, ku fara jiƙa fuska da ƙirji, ku ba numfashi lokaci ya daidaita, kuma duk wanda ya fara rawar ɗari ya fito ya bushe jikinsa.

A kowane lokaci mutum ɗaya ya tsaya a kan tudu, da igiyar da aka ɗaura wa jarka a hannunsa, ba ya ɗaukar hoto, ba ya duba waya, aikinsa kawai ƙirga kawuna. Ku riƙa karɓa-karɓa a wannan aikin. Dole mai gadin ya san cewa wanda yake nutsewa ba ya ihu kamar yadda ake zato, saboda ba shi da numfashin yin ihun. Za a ga kansa ya karkata baya, bakinsa yana shiga ruwa yana fita, hannayensa suna dukan ruwa a gefe, ba ya matsawa ko'ina. Idan haka ta faru, a miƙa masa sanda ko a jefa masa jarkar a jawo shi. Kada wanda bai koyi ceto ba ya faɗa don ya kamo shi, domin mai nutsewa yana riƙe duk abin da ya samu ya danna ƙasa, kuma ta haka ne ake rasa mutum biyu maimakon ɗaya. Wanda ruwa mai gudu ya ɗauka kuwa kada ya yi ƙoƙarin miƙewa tsaye, don ƙafarsa na iya maƙalewa a dutse; ya kwanta rigingine, ƙafafu a gaba, har ya kai inda ruwa ya lafa.

Idan an fito da mutum ba ya numfashi, kada a ɓata lokaci wajen danna masa ciki don ruwa ya fito. A kwantar da shi a wuri mai tauri, a ɗaga haɓarsa, a hura masa iska baki da baki sau biyar, sannan a riƙa danna tsakiyar ƙirji sau 30 da ƙarfi da sauri, a hura sau biyu, a ci gaba a haka yayin da wani ya tafi neman taimako. Ko ya farfaɗo ya ce ya warke, a kai shi asibiti a ranar, domin ruwan da ya shiga huhu yana iya tayar da matsala bayan sa'o'i.

Akwai alamomin da idan an ga ɗaya daga cikinsu kowa zai fita nan take ya hau tudu, ba tare da tsayawa tattara kaya ba: ruwa ya fara sauya launi zuwa ja ko ya gurɓace, ganyaye da karare sun fara gangarowa da yawa, rurin magangarar ya ƙaru, ko dutsen da yake a bushe ɗazu ya nutse. Ruwan sama yana iya sauka a kan Filato alhali ku kuna cikin rana tsaka a ƙasa, kuma ambaliyar za ta iso cikin ɗan lokaci kaɗan. Jin tsawa ma dalili ne na fita daga ruwa.

Mataki na shida: Assop, Hawan Kibo da Matsirga

Washegari ku tashi daga Akwanga bayan gari ya waye sosai, ku bi ta Andaha da Gwantu da Fadan Karshi zuwa mahaɗar da ake kira Forest, kusa da gandun dajin Nimbiya. Gaba kaɗan, a gindin Hawan Kibo, kimanin kilomita 64 kafin Jos, nan Assop yake. Shi ne mafi sauƙin kaiwa cikin ukun, domin yana kusa da kwalta, tafiyar ƙafar gajera ce, don haka ya fi dacewa da iyali masu yara da dattawa. Ana karɓar kuɗin shiga, kuma ya kyautu ku tambayi masu kula da wurin gurbin da aka yarda a shiga a ranar. Sauƙin kaiwarsa ne yake sa mutane sakaci, alhali duk ƙa'idojin da aka bayyana a sama suna aiki a nan ba ragi. Idan kuna son natsuwa ku guji ranakun bukukuwan Kirsimeti da sabuwar shekara da na Sallah, lokacin da wurin yake cika.

A bakin irin wannan ruwa mai gudu akwai wani ƙaramin baƙin ƙuda mai cizo da rana, wanda shi ne yake yaɗa cutar makantar kogi. A shekarar 2018 aka sanar da dakatar da rabon maganin cutar ga jama'a a jihohin Filato da Nasarawa bayan an tabbatar yaɗuwarta ta katse, amma ƙudan yana nan kuma cizonsa yana da ƙaiƙayi, saboda haka dogon wando da man shafawa na korar ƙwari suna da amfani.

Hawan Kibo doguwar hawa ce mai kwana-kwana, kuma ta yi suna wajen haɗurran manyan motoci. Mai hawa ya sa ƙaramar giya, ya riƙa duba ma'aunin zafin inji, ya bar tazara mai yawa tsakaninsa da tirela ko tanka, kada kuma ya yi gangancin wuce mota a kwana. Waɗanda suka fito daga Kano ko Zariya ko Bauchi ta Jos za su bi tafiyar a juye ne, wato su fara da gangarowa, kuma gangarowar ta fi haɗari: a bar giya ta riƙe mota, kada a kwanta a kan birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Idan za ku tsaya kallon kwarin da ke ƙasa, ku nemi fili sosai a gefen hanya inda ake hango ku daga nesa. Bayan kun hau, za ku wuce duwatsun Riyom da suka hau kan juna, sannan Mararabar Jama'a da Bukuru, ku shiga Jos.

Matsirga tana buƙatar ratse daga Forest ta Gidan Waya zuwa Kafanchan, daga nan a nufi wajen Madakiya. Ruwanta daga duwatsun Kagoro yake fitowa, yana faɗowa kimanin mita 30 zuwa cikin kwazazzabo. A nan abin kiyayewa shi ne bakin dutsen na sama, inda masu ɗaukar hoto suke matsawa baya ba tare da sun waiwaya ba. Ku tambayi halin tsaron yankin daban, kada ku ɗauka amsar da aka ba ku a kan Wamba ta wadatar.

A duk wuraren uku, ku kwashe ledojinku da robobinku ku dawo da su mota, kada a yi wanka da sabulu ko a yi bahaya kusa da ruwa, domin ƙauyukan da ke ƙasa daga wannan ruwan suke sha. Kada a ɗauki hoton matan da suka zo wanki ko ɗiban ruwa sai da izininsu, kada kuma a tsinki amfanin gonar da aka ratsa.

Mataki na ƙarshe: bayan an dawo gida

Ruwan rafi da tafki a Najeriya yana iya ɗauke da ƙwayar tsargiya, wato cutar fitsarin jini, wadda take fitowa daga jikin wasu ƙananan dodon koɗi ta shiga ta fatar mutum ba tare da ya ji ba. An fi samunta a ruwa mai kwanciya da ciyayi a gefe, musamman kusa da gari, shi ya sa ya fi kyau a guji irin waɗannan wurare a tsaya inda ruwa yake motsi a kan dutse, ko da yake hakan ba ya kawar da haɗarin gaba ɗaya. Alamominta ba sa bayyana da wuri. Idan bayan makonni wani ya ga jini a fitsari ko a bayan gida, ko ya yi zazzaɓi da ƙuraje da ciwon ciki, ya je asibiti ya gaya wa likita cewa ya shiga ruwan rafi da kuma ranar da ya shiga, domin a yi masa gwaji. Maganinta, firazikwantel, yana samuwa kuma yana aiki. Zazzaɓin da ya zo cikin mako ɗaya zuwa biyu bayan tafiya kuma a fara gwada shi a kan maleriya. Ƙaramin rauni da aka ji a kan dutse a wanke shi da ruwa mai tsabta da sabulu tun a ranar, kuma idan ya fara kumburi ko fitar da mugunya a nuna wa ma'aikacin lafiya, a kuma tambaye shi ko ana buƙatar allurar rigakafin sandarewar jiki, wato tetanus.